Kaji ko zomaye: wanne ya dace da bayan ɗakinka a Kumasi?

Ƙanina ya gama ɗakunansa biyu a Asokore Mampong, ya kwashe iyalinsa daga gidan hayar da muka tashi a ciki a Aboabo. Tsakanin bangon ɗakin da katanga akwai ɗan fili, tsawonsa ƙafa 14, faɗinsa ƙafa 8. Ranar Juma'a muna saukowa daga masallaci ya tare ni: "Yaya, kai da ka kiwata duka biyun, kaji zan zuba a wurin nan ko zomaye?" Na ce masa wannan ba maganar tsaye ba ce, ya bari in zauna in rubuta. Ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Na sha jin ta daga matan aure masu son abin yi a gida, da dattawan da suka ajiye aiki, da samarin da suka gaji da tantabara.

Kiwon sha'awa nake nufi, kaji 5 zuwa 20, ko zomaye 3 da 'ya'yansu, irin wanda mutum zai duba kafin ya fita nema ya sake dubawa in ya dawo. Mai son gidan gona irin na Dormaa Ahenkro lissafinsa daban ne.

Abin da za mu auna da shi

Na farko wuri, da mutanen da ke wurin. Mai gidan kansa da wanda ke camba da hol a gidan haya mai ƙofa 15 ba ɗaya suke ba. A gidan haya, kafin ka sayi ƙusa ɗaya sai maigida ya yarda, sannan ka tuna da matan da ke shanya garin tuwo da kokonte a tsakar gida. Ga kuma 'yan samansaman, masu duba-garin asambili, waɗanda wari da ƙuda ke jawowa har ƙofarka.

Na biyu kuɗi, kuma kashi biyu ne: wanda za ka kashe sau ɗaya, da wanda zai riƙa fita kowane wata. Na biyun ne ke kayar da mutane. Da buhu da kilo da kiret zan yi lissafi, domin duk wanda ya sayi abincin kaji a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, ya san yadda kuɗin buhu ke sauyawa tsakanin saye da saye. Kai sai ka ɗora farashin ranar a kai.

Na uku juriya: dabbar za ta ɗauki zafin Fabrairu da Maris da damshin Yuni? Shekara nawa za ta yi maka amfani, kuma ɗakinta zai kai yaushe kafin gara da tsatsa su cinye shi? Na huɗu wahala: wa zai yi aikin ran da rasuwa ta kai ka Tamale kwana 3? Na biyar haɗari, wato cuta da ɓera da ɓarawo.

Na shida shi na fi ba nauyi, shi kuma aka fi mantawa: abin da ka kiwata, wa zai ci, wa zai saya?

Kajin gida

Su suka fi arhar shiga. Sagara 4 da zakara 1 sun isa, sau da yawa ma ba saye ake yi ba, goggo ce ko kaka za ta aiko da su daga Arewa a kwando ɗaya da zabbi. Ragowar katako da tsohon kwano sun isa akurki. In ana sakinsu, rabin cikinsu su ke nema wa kansu. Naka shi ne ɓarzajjiyar masara da safe, dusar koko daga wurin Hajiyar da ke koko a layinku, da ƙanzon waakye da ragowar tuwo.

Abin da suke bayarwa kaɗan ne. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta a kai kwana 21, ta yi wata biyu ko fiye tana jan 'yan tsaki kafin ta sake yi. A shekara ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 ba, zakara kuma sai ya kusa wata 6 kafin ya cancanci wuƙa. Amma ita ce kazar da za ka yanka wa baƙo ko ka kai wa mai jego ba tare da jin kunya ba, kuma romonta ba ya haɗuwa da na kowace.

Wajen zafi da ƙarancin abinci babu mai juriyarsu. Inda suke faɗuwa cuta ɗaya ce. Shekarar da na fara ina da guda 19. Cikin hunturu, saura mako 2 Kirsimeti, na ga wani jan zakara a kasuwa ya burge ni, na saya, na sake shi cikin nawa a daren. Kwana 5 sai ga su sun yi jugum, fuka-fuki a ƙasa, kashi kore-kore, wasu na shaƙewa, wasu wuya ya murɗe. Guda 3 suka tsira. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin yarana sun sa wa kowacce suna. Cutar Niyukasil ke nan. Ƙwayar bairos ce, kafso mai ja da rawaya da muke fasawa a ruwan sha ba ya taɓa ta. Riga-kafi ne kawai, kuma akwai wanda ya dace da mu, ana ce masa I-2: ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk wata 3 ko 4, kuma ya fi sauran jure rashin firji. Ka je ofishin likitocin dabbobi na Amakom ka tambaya, ka yi kafin hunturu ya shigo. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka ku haɗu da maƙwabta a yi rana guda, wanda hakan ma shi ya fi kare layin gaba ɗaya. Duk kazar da ta fito daga kasuwa kuwa, mako 2 a keɓe.

'Yan tsakin da aka saki a zango da wuya rabinsu su girma. Shaho ya ɗauka, ɓera ya ja da dare, gwata ta cinye, firagiya mai ƙafa uku ta taka. Babbar kaza kuma ta shiga ɗakin maƙwabciya, ta yi kashi a tabarmar salla, rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin kazar. Akwai kuma maganar da malamanmu ke yi a kan jallala, dabbar da ke cin ƙazanta. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare irin wannan kaza kwana 3 kafin a yanka. Duk wanda ya ga abin da kajinmu ke tona a bakin rafin Aboabo ba zai ga wannan tsarewa ta yi yawa ba.

To in ka ce za ka kulle su fa? A nan arharsu ke ƙarewa. Kazar gida a kulle tana cin abincin saye kusan kamar leya, wato kazar ƙwai ta gidan gona, tana ba ka ƙwai 50 a shekara. Ribarta a yawonta take, wanda ba shi da filin yawo bai kamata ya fara da ita ba.

Leyas, kajin ƙwai

Hanya biyu ce. Ko ka sayi 'yan tsakin kwana ɗaya daga masu ƙyanƙyasa, Kumasi kuwa ba ta rasa su ba, ga irin su Akate Farms da Darko Farms, ko ka sayi sagarun da suka kai mako 16 zuwa 18, suna gab da fara ƙwai. Tsako ya fi arha nesa ba kusa ba, sai dai kowanne zai ci kilo 7 zuwa 8 kafin ka ga ƙwai na farko a mako na 18 zuwa 20. Makon farko yana son ɗumi kamar digiri 33 dare da rana, in dumso ya zo aka ɗauke wuta sai kurfoti da gawayi, kai kuma ka hana idonka barci don kada hayaƙi ya shaƙe su. Cikin wata na farko kaɗai akwai riga-kafin cutar Gumboro sau 2 da na Niyukasil sau 2, na ƙuraje yana tafe. Ga mai kaji 10, shawarata ya biya tsadar sagara, ya nemi a nuna masa takardar riga-kafinsu.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi a takarda. Leya ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Guda 10 za su cinye buhu mai kilo 50 cikin kwana 43 ko kusa da haka. In suna kan ganiyarsu za ka kwashi ƙwai 8 a rana, wato kiret 11 na ƙwai talatin-talatin kafin buhun ya ƙare. Tambayi kuɗin buhu yau, tambayi kuɗin kiret 11, bambancin shi ne abin da zai biya kuɗin sagaru, magani da dusar katako. Riba akwai, amma siririya ce, kuma tana bin farashin masara da waken soya.

Ba su da haƙuri ko kaɗan. Kajin gida za su kwana da yunwa su tashi lafiya. Leyas in ruwa ya yanke musu wuni ɗaya, ko ka haɗa abincin da dusa don buhu ya daɗe, ƙwai zai faɗi, sai an yi kwanaki kafin ya dawo. Suna son haske kamar awa 16, ranarmu kuwa awa 12 ce, don haka ƙwan fitila ɗaya bayan magariba yana da amfani. Za su yi maka shekara ɗaya da 'yan watanni suna yi sosai, kusan ƙwai 280 zuwa 300 a shekarar farko, daga nan sai a sayar da su gab da Salla ko Kirsimeti. Naman tsohuwar leya yana da tauri, irin wanda masu miyar fufu ke nema, don haka ba ya kwantai.

Ɗaki mai ƙafa 6 da ƙafa 5 ya ishi guda 10: ƙasa siminti, bulo layi biyu, sama ragar waya, rufin da ya zarce don feshin ruwa. In an yi shi da kyau zai shekara da yawa. Dusar katako tana nan a Sokoban. Muddin tana bushe ba wari. Da ta jiƙe a watan Yuni, wari da ƙuda da zawon jini sun samu ƙofa. Kashin kuma ba asara ba ne, masu lambun latas na wajen Gyinyase da shi suke aiki, sai dai yana son ya daɗe a ajiye ya huce kafin a sa wa shuka.

Babban haɗarin da ba ya hannunka shi ne murar tsuntsaye. Ta shigo Ghana a 2007, ta dawo a 2015 da 2021. In ta ɓulla a yanki, hukuma kan hallaka kajin da suka kamu da na kusa da su, a hana zirga-zirga. Wajen sayarwa kuwa ƙwai ba ya neman talla: mai shayi, mai Indomie, mai dafaffen ƙwai da yaji, da maƙwabciyar da za ta aiko yaro da sassafe.

Buroila da Sasso

Buroila, wato kajin nama, ba zan daɗe a kansu ba. Mako 6 zuwa 8 sun wuce kilo 2, guda 20 sun cinye kamar buhu 2. Zafi na kashe su, ƙafa na gaza ɗaukarsu, kuma duk ranar da suka ƙara bayan sun isa yanka daga aljihunka suke ci. Mafi yawan naman kajin da ake ci a ƙasar nan daskararre ne daga Turai, Barazil da Amurka, kuma ba za ka iya gasar farashi da kolsto, shagunan daskararren nama, ba. Amfaninsu ɗaya ne: ka ƙirga mako 7 baya daga Salla, suna ko aure, ka zuba, ka yanka, ka wanke ɗaki. Aiki ne na lokaci, sha'awa kaɗan ce a ciki.

Sasso, jajayen nan masu jiki da asalinsu daga Faransa yake, suna tsakiya. Sun fi buroila jinkiri, kamar wata 3, sun fi su ƙwari, suna karɓar ragowar abinci da ganye a kan na buhu. Matan suna ƙwai fiye da kazar gida sosai, ba su kai leyas ba. Ba su cika kwanci ba, in kana son 'yan tsaki sai ka sa wa kazar gida ƙwan, kuma 'ya'yan ba lalle su kai iyayen ba.

Zomaye

Kiwon zomo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1972, zamanin shugaban ƙasa Acheampong da shirinsa na kowa ya ciyar da kansa, aka kafa gonar zomaye ta ƙasa a Kwabenya kusa da Akra, ƙarƙashin Newlove Mamattah, ana ba mutane iri da sharaɗin su fara gina keji. Dattawa da yawa suna tuna zomayen makarantunsu na lokacin. Ta fuskar addini kuma babu damuwa a mazhabobin Sunna huɗu. Hadisin Anas ɗan Malik sananne ne: sun kama zomo, Abu Ɗalha ya yanka, ya aika wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyarsa, ya karɓa. Na kawo wannan ne don na sha haɗuwa da masu shakka a zango. Layya dai ba ta yiwuwa da shi, kamar yadda ba ta yiwuwa da kaza.

Kuɗin farawa a keji yake, ba a dabbar ba. Mace 2 da namiji 1 sun isa, 'yan wata 4 zuwa 5, namijin daga wani gida daban don kada jini ya haɗu. Za ka ji ana kiran sunayen iri, Niyu Zilan fari, Kalifoniya, Cincila, Filemish. Yawancin na hannun mutane gauraye ne, kuma gaurayen da aka haifa a nan ya fi jure yanayinmu. Ido garau, kunne mai tsabta, hanci a bushe, gindi ba zawo, su za ka duba kafin suna. Kowane babba yana son ɗakinsa shi kaɗai, ƙafa 3 da ƙafa 2, a ɗage daga ƙasa kamar ƙafa 3, ƙasansa raga mai ƙananan ido don kashi ya zube ƙafar jariri kuma kada ta faɗa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne gina ɗaki 3. Cikin wata 6 za ka buƙaci 6 ko 7, domin 'ya'ya suna zuwa, kuma dole a raba maza da mata kafin su cika wata 3.

Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, don haka duk katakon da bakinsa ya kai sai ya gwaguye shi. A buga ragar ta ciki, katakon ya zauna a waje. Fitsarinsa na cin waya da kwano. Kejin katako zai yi 'yan shekaru ana gyara, na ƙarfe da za ka ba mai walda a Suame ya fi tsada ya fi daɗewa. Ƙafafun kejin a tsoma su cikin gwangwani mai baƙin mai, domin kwarkwasa in ta shigo da damina a dare ɗaya take gamawa da jarirai.

Abinci shi ne inda zomo ya sha bamban da kaza. Kaza aljihunka take ci kullum, zomo ƙafarka yake ci. Ganyen dankalin Hausa, ganyen gwanda, zogale, ganyen ayaba, ciyawa mai laushi, ɓawon kabeji da ganyen karas na kasuwa, duk yana so, a ƙara masa tafin hannu ɗaya na dusar alkama ko abincin zomo na buhu. Mai shayarwa tana cin ninki biyu ko fiye. In sun kai 20, kullum sai buhu guda na ganye, ran Salla ma haka. Da damina wannan abu ne mai sauƙi ga wanda ke gefen gari kamar Sawaba ko Kenyase, wuya ce ga wanda ke tsakiyar Asawase. Daga Disamba zuwa Fabrairu ciyawa na bushewa, sai ka koma wurin masu sayar wa masu raguna harawar gyaɗa da ta wake. Abu uku ka kiyaye. Kada ka yanko inda aka fesa maganin ciyawan nan da ake ce wa kondem. Kada ka ba da ganye mai raɓa ko wanda ya yi zafi a buhu, a shanya shi a inuwa ya yi laushi, in ba haka ba kumburin ciki ya kashe maka 'yan yaye. Kuma kada ka yarda da masu cewa zomo ba ya shan ruwa. Yana sha sosai, uwar da ta haihu ba ruwa a gabanta takan cinye 'ya'yanta.

Haihuwarsu ita ce daɗin kiwon. Mace ake kai wa namiji, ba a kai shi ɗakinta, don za ta yi masa faɗa. In ya yi barbara ya faɗi gefe, an gama, ka rubuta ranar a jikin kejin. A kwana na 28 ka sa mata akwati da busasshiyar ciyawa, za ka ga tana tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗa. Wajen kwana na 31 ta haihu, 5 zuwa 8, tsirara, ido a rufe har kwana 10. Sau ɗaya ko biyu take shayar da su a rana, na 'yan mintoci, kada ka zaci ta ƙi su. Yaye a mako 5 ko 6. In ka bar ta ta huta, haihuwa 4 a shekara ta isa, za ta yi maka shekara 2 zuwa 3. Mata 2 ke nan 'ya'ya 48 a takarda, a zahiri ka sa ran 35 zuwa 40. Kowanne a wata 4 yana kusan kilo 2 da rai, kamar kilo 1 bayan fiɗa. Zomo 3 a wata ke nan a tukunya.

Rauninsu zafi ne. Ta kunne suke fitar da zafin jiki, da rana ta wuce digiri 30 sai ci ya ragu, namiji ya daina ba da ciki, in ta matsa sama a ƙarƙashin kwano sai a tarar da gawa. Keji ya zauna gabas da ɗaki ko ƙarƙashin mangwaro, inda ranar la'asar ba ta dukansa, a ɗora tabarma ko ganyen kwakwa a kan rufin. Ƙazwar kunne da ta hanci tana yawan zuwa, ɗigon man ja na taimaka wa kunne, allurar ivermectin a hannun likita tana gamawa da ita. Kada ka ba zomo amoxicillin ko danginsa ta baki, yana lalata masa hanji har ya mutu, kuma kada ka ba shi abincin buroila, wasu magungunan da ake sawa a ciki guba ne gare shi. Su ma suna da tasu annobar: a watan Satumba na 2019 cutar zubar jini ta zomaye ta ɓulla a yankin Akra. Lafiya lau da dare, gawa da safe, wani lokaci da jini a hanci. Tana bin takalmi, keji da hannun mutane, shi ya sa ba na barin mai saye ya taɓa uwayen.

Wajen maƙwabta ba su da na biyu. Ba cara, ba shiga ɗakin kowa, in kana share ƙarƙashin keji kullum kana zuba toka ba wanda zai san suna nan. Kashinsu kai tsaye ake sa wa shuka, ba ya ƙona ta.

Sai tambaya ta shida. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma na ga sabo da zomo ya hana. Yara na shaƙuwa da su, uwargida ta ce ba za ta iya cin abin da ke kallonta da waɗannan idanu ba, sai keji ya cika, abinci na tafiya, ba a ci ba a sayar. Naman fari ne, ba kitse, yana kyau a miya da cicinga, amma a zango masu nemansa kaɗan ne. Masu saye su ne wasu gidajen abinci, masu neman iri, da iyayen da ke saya wa yara. Ba kamar ƙwai ba ne da mai saye zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, kai za ka fita nemansa.

| | Kuɗin farawa | Kuɗin wata | Juriya | Wahala | Babban haɗari | Amfani na farko |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Kajin gida | kaɗan | kaɗan in ana saki | sosai | kaɗan | Niyukasil, shaho, sata | wata 6 |
| Leyas 10 | da yawa | buhu 1 a kwana 43 | matsakaiciya | kullum, ba fashi | tsadar abinci, murar tsuntsaye | mako 2 zuwa 4 in sagaru ne |
| Buroila 20 | matsakaici | buhu 2 gaba ɗaya | kaɗan | mai yawa, na mako 7 | zafi, rashin mai saye | mako 6 zuwa 8 |
| Sasso | matsakaici | ƙasa da na leyas in akwai ragowa | mai kyau | matsakaiciya | Niyukasil, Gumboro | wata 3 |
| Zomaye 3 | keji ne tsadar | kaɗan in akwai ganye | ba sa son zafi | yankan ganye kullum | zafi, kumburi, ƙarancin kasuwa | wata 5 bayan barbara |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda ke gidan haya mai jama'a, in maigida ya ba shi lungu mai inuwa, zomaye ne nasa, mace 1 ko 2, muddin akwai yaro ko shi kansa da zai riƙa kawo ganye. Kaza a irin wannan gida fitina ce.

Mai fili a gefen gari, da katanga da 'yar ciyawa, wanda kazar baƙo da ta Salla yake so ba lissafin wata ba, ya ɗauki kajin gida, ya haɗa da Sasso kaɗan, ya riƙe ɗigon ido kamar yadda yake riƙe kuɗin wuta. Uwargidan da ke son yara su ci ƙwai kullum, ta sami ɗan canji a hannu, kuma tana da inda kuɗin buhu zai fito ko da wata ya yi nisa, leyas 8 zuwa 10. An ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma a cikin duka biyar ɗin nan su ne kaɗai ke sa maka wani abu a hannu kowace safiya. Mai biki a gaba, buroila, sau ɗaya. Mai yawan tafiya wanda ba shi da mai tsaya masa, ya haƙura da leyas da zomaye duka. Dattijon da ya ajiye aiki, yana da lokaci kuɗi ne kaɗan, ko uban da ke son yaro ya koyi ɗaukar nauyi da rubuta kwanan wata, ban san abin da ya kai zomo ba.

Mai son haɗa biyun ya raba musu wuri. Kada kaji su hau kan keji su yi kashi a abincin zomaye, kuma kada a fara su a wata ɗaya.

Shi kuwa ƙanina direba ne, da asuba yake fita, yaransa ba su isa riƙe lauje ba, amaryarsa kuma ba ta taɓa cin zomo ba. Na ce masa ya gina ɗaki ƙafa 6 da 5 a kusurwar yamma, ya sayi sagarun leyas 8 masu takardar riga-kafi, ya ajiye kuɗin buhu 2 a gefe kafin su shigo. Buhu ɗaya zai kai su kwana 54, ƙwai 6 a rana kuma ya ishi gidansa har a ba maƙwabta. Gefen gabas mai inuwa ya bar shi haka nan tukuna. Ranar Asabar zan aika masa da zomo ɗaya a feɗe daga nawa, amarya ta yi musu miya da shi. In sun ci sun nemi ƙari, bayan hunturu sai mu kira mai walda ya zo ya auna wurin.